Injin Waldar Da Na Yi Wa Ƙarya

Zango, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Katsina lafiya, ka sami masauki da abokan zama na gari a makarantar koyon sana'ar. Allah ya tsare maka hanya da jiki, ya raba ka da sharrin mota da na mutum. Na sa wannan takarda a can ƙasan jakarka don kada ka gan ta sai ka sauka. Da gangan na yi. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi, shi ya sa shekara ashirin da ɗaya ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido da ido mun yi doguwar magana ba. Mutane sun ɗauka kunyar ɗan fari ce. Akwai ita, amma akwai wata kunyar a ƙarƙashinta, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Ranar Alhamis da la'asar ina bayan zaure ina ɗaure akuya, na ji ku kai da abokinka Bashir. Ba laɓewa na yi ba, muryarka ce ba ta san sirri ba tun kana yaro. Ya tambaye ka ko da gaske za ka iya shekara guda kana koyon haɗa sola da gyaran famfon ban-ruwa. Ka ce masa, "Wa ya ce maka koyo zan je? In sa hannu, in jira ranar rabon kaya. Kayan gwamnati ai ka san su, irin injin Baba ne, ba sa aiki. Ana ba ni zan kai kasuwa, in sami babur in shiga jigilar kaya a bakin iyaka, a Kongolam."

Ban ji haushinka ba, Abba. Maganar nan ba taka ba ce, a bakina ka tsince ta. Tun kana rarrafe kake jin ina cewa gwamnati ta ba ni mataccen injin walda, shi ya sa ban zama wani abu a sana'a ba. To, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban iya walda ba. Karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, in ma ka yanke ba ka zalunce ni ba.

A shekarun da aka fara Shari'a a jihar nan, an yi ta maganar cewa ba a raba matashi da majalisar banza a bar shi hannu sake. Sai gwamnati ta fito da shirin koya wa matasa sana'a. Za a haɗa ka da mai sana'a a garinku wata shida, a ƙarshe a ba ka kayan aiki ka tsaya da ƙafarka. Lokacin na gama sakandare da shekara huɗu, ina zaune gidan kakanka, liman, ina goge takalmi kullum ina jiran aikin ofis da ba wanda ya yi mini alkawarinsa. Kansilanmu almajirin kakanka ne a da, don haka sunana ya shiga ba tare da na ko tambaya ba.

Ranar zaɓen sana'a na yi kuskurena na farko. Akwai ɗinki, akwai kafinta, akwai gyaran babur, akwai walda. Ban tambayi kaina wacce hannuna ke so ba, ban kuma tambayi wacce garin ke nema ba. Tambaya ɗaya na yi wa magatakardan: "Wanne ne kayansa suka fi girma?" Ya ce walda, don injin har da janaretansa. Na ce to a rubuta ni a nan. Ka ga ashe ni ma da idon ɗan kasuwar rabo na shiga, kamar yadda kake shirin yi. Kai ka fi ni sa'a, sana'ar da ka faɗa ciki ana nemanta ido rufe. Ka tuna famfon unguwar su kawunka, wata nawa ya yi a mace ana jiran wani ya zo daga Kano ya duba shi, mata na tafiya har bayan gari da jarkoki. Kafin ka ƙirga abin da za a ba ka, ka ƙirga ƙauyukan da ke tsakanin nan da Ɓaure da ke da irin wannan famfo. Waɗannan su ne kasuwarka, kuma ba wanda zai rufe maka su da safe ɗaya kamar yadda ake rufe iyaka.

An haɗa ni da Ɗan'azumi maƙeri, wanda ka sani a bakin kasuwa, mai ƙera garmar shanu da amalanke. Lokacin yana da ƙarfinsa, kuma shi kaɗai ne a garin ya haɗa ƙira ta gado da walda. A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne, kuma na yi shi ne cikin farar riga.

Ka san yadda muke a nan. Ƙira ta maƙera ce, fawa ta mahauta, allo na malamai. Ba a faɗa da baki, amma kowa ya san inda tabarmarsa take. Ni ɗan liman, a ce in durƙusa gaban uwar maƙera ina zuga wuta, mutanen da ke bin mahaifina salla suna wucewa suna kallona? Sai na riƙa zuwa da farar shadda da hula, agogo a hannu, kamar mai duba aiki. Ranar farko Ɗan'azumi ya miƙe tsaye da ya gan ni. Ya sa aka kawo benci daga shagon maƙwabcinsa, ya kaɗe shi da hannun rigarsa.

Ya ce, "Ɗan Malam, bismilla nan, kada gawayi ya ɓata maka kaya."

Na zauna. Wata shida ina kan bencin nan.

Ba mugunta ya yi mini ba. Mahaifina ne ya raɗa wa 'ya'yansa suna, yaya za a yi ya ce mini tashi ka ɗauko masaba? Mu uku aka kai masa. Sauran biyun yana yi musu tsawa, yana sa su kankare tsatsa har yatsunsu su yi jini, wani lokaci ya karɓe aikin da suka yi ya buga da ƙasa ya ce a sake. Ni kuwa kullum sai "Sannu da zuwa, Ɗan Malam, ya Malam ya kwana?" Ina jin daɗi har cikin raina, ina ganin an san darajata. Sai daga baya na gane waɗanda ake wa tsawa su ake koya wa, ni gaishe ni kawai ake yi.

Sau ɗaya ya gwada ni. Wata safiya ba kowa, ya miƙo mini baƙin gilashin da ake rufe fuska da shi, ya ce a hankali, "Ɗan Malam, ko za ka taɓa? Ƙarfe ba ya shiga kai sai ta hannu." Na kai hannu ke nan sai ga wani ladanin masallacinmu ya ɓullo ta kan kwana. Na janye hannun na hau gyara hula. Ɗan'azumi ya ajiye gilashin, bai sake yi mini tayi ba.

Don haka ga abin da nake roƙonka. An ce bayan karatun aji za a raba ku wurin masu sana'a. Duk wanda aka kai ka gunsa, ko ɗan gidan wa ne, ko ya girme ka ko ka girme shi, kada ka gaya masa kai jikan liman ne. Ka je da tsohuwar riga. In ya ba ka kujera ka ce ƙasa ta ishe ka. In ka ga kwana uku bai yi maka faɗa ba, to ka damu, ka je ka same shi ka ce, "Maigida, me na yi ba ka gyara mini?" Kakanka da kake jin ana yabo, da hannunsa yake ɗinka hulunan da yake ciyar da mu da kuɗinsu. Ni ne na ƙirƙiro wata daraja da shi kansa bai san da ita ba.

Kada ka ɗauka zaman banza na yi a kan bencin. Ina da littafi. Abin da makaranta ta koya mana ke nan: malami ya yi magana, ka rubuta, ka haddace, ka ci jarrabawa. Sai na sayi littafi mai bango ja ina rubuta duk abin da Ɗan'azumi ya yi. "A kunna inji. A maƙala waya a jikin ƙarfe. A riƙe sanda a karkace." Har zane nake yi, da rula. Abokan koyona suna leƙawa suna sha'awar rubutuna, ni kuma ina tausayinsu da ba su iya turanci ba. Ranar da jami'an shirin suka zo dubawa, littafina aka ɗaga aka nuna wa kowa. Babu wanda ya ce in haɗa ƙarfe biyu a gabansa.

Wannan ciwon har yau yana nan, kuma yanzu ni ma ina cikin masu yaɗa shi. Ka san a firamaren da nake koyarwa an sa mana darasin sana'a a jadawali, kuma niyyar mai kyau ce. Amma zarto a allo nake zana shi da alli. Yara arba'in da wani abu su zana nasu, in bi in ba su maki. Wanda ya fi iya zane shi ne na ɗaya, alhali akwai ɗan kafinta a bayan aji da zai iya haɗa mini benci kafin a tashi tara. In na ba shi maki kaɗan sai in ji kamar na yi sata. Ku an ce makarantarku da kayan aiki na gaske. Ka rubuta abin da za ka rubuta, amma duk abin da ka rubuta da safe ka tabbata hannunka ya taɓa shi kafin la'asar. In ka lalata, ka lalata a can, inda akwai mai gyara maka.

Aka yi bikin rabon kaya a sakatariya, aka ɗauke mu hoto, aka ba ni inji sabo fil a kwali. Kakanka ya ba ni shagon da ke jikin gidanmu. Abu na farko da na yi shi ne na kai aka rubuta mini allon suna mai launi uku. Sati biyu ina ƙona sanduna a kan guntayen ƙarfe a bayan ƙofa, har na iya yin wani abu mai kama da walda in an hango daga nesa.

Kwana uku da saukar ruwan shuka, wani manomi daga garin Babban Mutum, Malam Haruna, ya zo da garmarsa a bayan babur. Ta tsage a wuya, inda bakin ke haɗuwa da jiki. Ya fara zuwa wurin Ɗan'azumi ya tarar da layi, don a wannan makon kowa garmarsa yake kawowa. Aka ce masa ɗan liman ma ya buɗe. Ya ce ai gara ma ɗan malamai, ba zai cuce shi ba.

Na san ana kankare tsatsa, ana buɗe bakin tsagar don narkakken ƙarfe ya shiga ciki. Yana cikin littafina, shafi na tara. Amma ban taɓa yi ba, ga mutum tsaye a kaina, ga 'yan kallo. Sai na lafta walda a sama, na ƙara laftawa har ta yi tudu, na shafa baƙin fenti. Ta yi kyau ƙwarai. Ya yi ta sa mini albarka.

Da ya fara huɗa, a kunya ta biyu garmar ta karye. Shanun suna cikin ja, bakin garmar ya fizge ya sari ɗaya a ƙafar baya. San bai mutu ba, amma bai sake shiga gona ba a daminar nan, kuma sa ɗaya ba ya huɗa. A makon da kowa ke amfani da nasa, wa zai ba ka aro? Malam Haruna da iyalinsa da hannu suka yi abin da suka iya, a makare, rabin gonar ya kwana ba a noma ba. Wannan gidan mutum goma sha ɗaya ke ci a cikinsa.

Bayan kwana biyar ya dawo da guntayen garmar a buhu. Na zaci zai tara mini jama'a. Da ya yi haka da ya taimake ni. Sai ya yi sallama, ya gaishe da kakanka a zaure, sannan ya zo shago ya juye buhun a gabana. Mutane sun fara taruwa. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni, na ga ya gane komai. Amma ɗan liman ne a gabansa, a ƙofar gidan liman. Sai ya nema mini mafita.

Ya ce, "Ɗan Malam, ko dai injin ne ba ya ba da wuta sosai? Ka san kayan rabo."

Na ce, "Wallahi kuwa, Malam Haruna, injin ne."

Har da rantsuwa. Nan take kowa ya kama. Wani ya ce ai dama an ce tsofaffi aka fenta, wani ya ce 'yan kwangila sun ci rabonsu. Kafin magariba na zama wanda aka zalunta, har ana zuwa yi mini jaje. Mutumin nan ya rufa mini asiri na rana ɗaya, ni kuma na ɗauki rufin na yi shekara ashirin ina lulluɓa da shi.

Ban ce gwamnati ba ta da nata ba. Wata shida ya yi kaɗan. Sunaye ta hannun 'yan siyasa suka bi. Ba wanda ya gwada mu kafin a ba mu kaya, ba wanda ya dawo bayan hoto ya ga me muka zama, kuma ba a koya mana yadda ake riƙe mai kawo aiki ko yadda ake cewa "wannan ya fi ƙarfina" ba. Duk gaskiya ne, kuma mai yiwuwa ka tarar da irinsu a can. Amma saboda gaskiya ne shi ya sa ƙaryata ta sami wurin ɓuya. Abokan koyona biyu a shiri ɗaya muke, inji iri ɗaya aka ba mu. Ɗaya yana Mai'aduwa da yara shida a ƙarƙashinsa, ɗayan shi ya yi ƙofofin sabon masallacin Juma'a.

Ka riƙe wannan da kyau: ranar da aka kawo maka aikin da ba ka iya ba, ka faɗa. Ka ce a ba ka kwana biyu ka tambayo, ko ka raka mutum wurin wanda ya fi ka. Za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige, amma minti biyar ne. Famfon da za ka taɓa, bayansa akwai gonar albasar wani, akwai randunan unguwa guda. Mutanenmu suna da kara, ba za su ce maka ka kasa ba, za su ma nema maka uzuri. Kada ka karɓa.

Injin kuwa, na kulle shago na bar shi wata uku. Ganinsa na hana ni sakewa, sai na sa aka kai wa Ɗan'azumi da saƙon cewa ya mutu, ko zai sami abin cira a ciki. Washegari ina wucewa ta kasuwa na ji ƙararsa. Ja ɗaya ya tashi. Na tsaya daga nesa, muka haɗa ido da Ɗan'azumi. Wani ya tambaye shi ba wannan ne mataccen injin ɗan liman ba? Ya ce, "Shi ne, na ɗan taɓa shi." Bai taɓa komai ba. Har yau ɗansa na aiki da shi. Ƙofar ƙarfen gidanmu da kake buɗewa kullum, da shi aka yi ta.

Bayan na ji maganarku ranar Alhamis, na kasa cin abinci. Juma'a da safe mahaifiyarka tana tankaɗe a tsakar gida, na jawo kujera na zauna kusa da ita, na faɗa mata duk abin da na rubuta maka a nan. Ina magana ina kallon ƙasa. Ban taɓa jin tsoron mutum kamar yadda na ji tsoronta a lokacin ba. Ta bari na gama, ba ta daina tankaɗen ba.

Ta ce, "Malam, ai matar Ɗan'azumi ta gaya mini tun Abba yana goye."

Na ce, "Shi ne ba ki taɓa cewa komai ba?"

Ta ce, "Ba ni ce ke buƙatar ji ba. Duk ranar da ka ba yaron nan labarin injin, sai in ce yau zai faɗa masa. Ga shi har ya yi gemu yana shirin sayar da nasa."

Na tashi na nemi takarda.

Malam Haruna ya rasu shekara shida da suka wuce, ban je na ce masa ba injin ba ne. Wannan ya wuce ni, sai dai in yi ta roƙa masa gafara ina roƙa wa kaina. Kai ne ba ka wuce ni ba tukuna. Ba zan hana ka babur da ƙarfi ba, ka girma, kuma wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin yin tsawa. Abu ɗaya nake roƙo: in za ka bar sana'ar nan, ka bar ta bayan ka iya ta, kuma kada ka ce saboda abin da ya sami babanka ne. Babu abin da ya sami babanka. Shi ya zauna a benci.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka fita. Ƙannenka ma suna gaisuwa. Allah ya tsare ka a inda ba ma ganinka, ya haɗa ka da maigidan da ba zai ji nauyinka ba, ya sa albarka a hannuwanka, ya dawo mana da kai lafiya. In ka sami hali ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule